Yawon buɗe ido da aljihun ɗalibi, da yadda nake rubuta abin da na gano

Ni ɗalibi ne a sashen tarihi na wata jami'a a Kano, kuma tun ina aji biyu na mayar da hutun zangon karatu lokacin zagaya wuraren da ake karantar da mu a kansu. Ba wani kuɗi gare ni ba. Abin da ya ragu daga kuɗin abinci, da ɗan abin da nake samu wajen koyar da yara darasi da yamma, shi nake tarawa. In na dawo sai in rubuta abin da na gani in raba wa abokan karatu, har 'yan ajin da ke bayanmu suka fara nema kafin su fita tasu tafiyar. Tambayoyinsu ne suka saita mini rubutu. Ba sa tambaya ko wurin yana da kyau. Abin da suke son ji shi ne a wace tasha ake shiga mota, wa ake fara gaisarwa in an sauka, nawa za a riƙe, ƙarfe nawa ya kamata a juyo. Rubutun da bai amsa waɗannan ba, ko ya cika da yabon wuri, ba zai kai kowa ko'ina ba.

Wanda yake Kano bai da dalilin fara wannan aiki da doguwar tafiya. Dala, Kasuwar Kurmi, Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata duk ana iya haɗa su a yini guda, rabi da ƙafa rabi a adaidaita sahu. A fara da Dala, da sassafe, kafin rana ta ɗaga, don babu inuwa a saman dutsen. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari, ka hau da wahala ka tarar ko Goron Dutse ba ka gani sosai, hoton da za ka ɗauka kuwa fari fat. Ganin birni daga sama ya fi kyau bayan an yi ruwa, ko a watan Oktoba kafin iskar hunturu ta taso. Akwai wani adadi da masu rubutu suke ta kwafa daga juna, wai tsayin Dala mita 534 ne. Adadin yana nan, amma tsayi ne daga saman teku, kuma shi kansa birnin Kano yana zaune ne a kan kusan mita 480. Wanda ya rubuta 534 bai yi wannan bayani ba, ya sa baƙo ya zo yana neman wani ƙaton tsauni, ya tarar da dutsen da yaro ke hayewa cikin 'yan mintoci. Haka zancen matakala: za ka ji adadi daban-daban a bakin mutane. Tunda kana wurin, ƙirga da ƙafarka, ka rubuta abin da ka samu.

A marinar Ƙofar Mata ne na fi koyon zama in kalli aiki. Ana cewa an kafa ta a 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ramukan rinin suna da yawa, amma da dama daga cikinsu yanzu a bushe suke, wasu shara ta cike su, kaɗan ne ke aiki. Wannan ma abin rubutawa ne, ba abin ɓoyewa ba. Ruwan rinin haɗin baba ne da toka da kanwa, a bar shi makonni yana tsima har ya yi kumfa a sama, warinsa kuma ya bugi hanci tun daga nesa. Marini yana tsugune a bakin rami, ya tsoma yadi ya jujjuya shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Lokacin da ya fito kore-kore ne. Sai ya ware shi iska ta buge shi, a gaban idonka ya juye ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi, kuma yawan tsomawar ne ke raba shuɗi mai haske da wanda ya kusa zama baƙi. Wanda ya tsaya minti biyar ya ɗauki hoto ya wuce ba zai san iska ce ke fito da launin ba, zai ɗauka ruwan ne shuɗi. Zanen da ake gani a jikin yadin kuwa ba a marina ake yin sa ba. Mata ne ke ɗaure shi da zare a gida, inda aka ɗaure rini ba ya shiga. Daga nan sai wajen mabuga, su shimfiɗa shi a kan gungume su yi ta dukansa da sanduna masu kauri har ya ɗauki ƙyalli.

Shiga irin wannan wuri yana da ladabinsa. Ba a fara da fito da waya. Ka yi sallama, ka durƙusa ka ce, “Baba, sannunku da aiki, ya kasuwa?” Ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, sannan ka nemi izinin hoto. Mutanen nan sana'arsu suke yi, kuma sun ga masu zuwa su cinye musu lokaci su tafi ba ko sisi. In da hali ka sayi ɗan ƙyalle, in babu ka ba da na goro, ka kuma sa wannan cikin lissafin da za ka rubuta wa mai zuwa bayanka, don kada ya zo hannu rabbana. A ƙauye kuwa ba a wuce mai unguwa ko dagaci. “Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, mun zo ganin wuri kaza.” Sau da yawa shi zai haɗa ka da yaron da zai raka ka, kuma da zarar an san da saninsa kake yawo, ba mai tare ka da tambaya.

Abin da ya fi kowane abu buɗe mini ƙofa shi ne takardar gabatarwa daga sashe, mai ɗauke da hatimi da sa hannun shugaban sashe, tare da katin shaidar ɗalibi. A nemi takardar tun ana saura mako biyu a yi hutu, don in malamai suka watse babu mai sa hannu. A yi kwafi uku ko huɗu, saboda wasu wuraren sukan karɓa su ajiye. A gidajen tarihi irin Gidan Makama, wanda aka gina wa Rumfa tun yana Makama kafin ya hau sarauta, takardar nan ce ke sa ma'aikaci ya zauna ya yi maka bayani a natse, maimakon ya nuna maka ɗakuna da hannu. A tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a ƙofa, don ta ciki da ta tsakar gida ba lallai su zama ɗaya ba. A hanya kuwa, shingen jami'an tsaro da barikin soja da ofishin 'yan sanda ba wuraren hoto ba ne ko kaɗan, ko ta tagar mota.

Littafin da nake riƙewa, kowane shafi na raba shi gida uku: abin da na gani da idona, abin da aka gaya mini da wanda ya gaya mini, sai abin da na karanta. A ganina wannan rabon shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma Daura ce ta fi nuna amfaninsa. Daga Kano ana bi ta Kazaure. Rijiyar Kusugu tana cikin gini yanzu, akwai mai kula da ita, ana zura guga a ɗebo maka ruwa ka sha. Wannan shi ne abin da ido ya gani. Labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa ya je ya sare kan macijin, da aurensa da Sarauniya Daurama, da yadda zuriyarsa ta kafa Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, wannan yana gida na biyu: abin da aka gada daga baki zuwa baki. A gida na uku kuma akwai muhawarar masana tarihi, waɗanda da yawansu suke ɗaukar labarin a matsayin hanyar bayyana dangantakar waɗannan masarautu, ba rahoton abin da ya faru rana kaza ba. In ka cakuɗa ukun nan a jimla guda, ko dai ka yaudari mai karatu, ko ka raina mutanen da suka karɓe ka. In ka rubuta “mai kula da rijiyar ya ce”, ka fita haƙƙin kowa. Kuma bakin rijiya ba wurin jayayya da dattijo ba ne kan abin da malaminka ya faɗa a aji.

Katsina ma haka. Motocinta ana samunsu a tashar Ƙofar Ruwa. Hasumiyar Gobarau ginin ƙasa ce mai tsayin kusan mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, amma shekarun sarautarsa sun sha bamban daga littafi zuwa littafi, wasu su kai shi ƙarshen ƙarni na 14, wasu su sa shi a na 15. Za a kuma gaya maka da can ta fi haka tsayi nesa ba kusa ba. Ni nakan rubuta duka, kowanne da inda ya fito, ba na zaɓar wanda ya fi daɗin faɗa. Wanda ya je kada ya tsallake tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Gidan tarihi ne yanzu, kuma azuzuwan ƙasar da kansu abin kallo ne.

Zancen mota shi ne inda lissafin ɗalibi ya fi rushewa. Motar haya ba ta da lokacin tashi, sai ta cika. Ta farko takan cika da wuri saboda 'yan kasuwa, ta biyu tana iya cin awa biyu tana jiran mutum uku. Don haka a isa tasha bayan sallar asuba. A shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa, ba a bakin titi ba, ko da ta bakin titi ta fi araha. A tambayi direbobi halin da hanya take ciki a wannan makon, don su ne ke bin ta kullum, matambayi kuma ba ya ɓata. In suka ce kada a bi wata hanya bayan la'asar, magana ta ƙare. Kuɗin komawa gida a ware shi daban, a aljihun da ba a taɓawa. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, saboda a wurare da yawa sabis yakan ɗauke, tura kuɗi ta waya ya maƙale, mai babur kuma ba ya jiran sai saƙo ya shigo. Duk farashin da zan rubuta sai na sa masa wata da shekara a gefe. Wanda ya rubuta kuɗin mota kafin a cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, bayan 'yan makonni rubutunsa ya zama tarko ga duk wanda ya dogara da shi.

Tafiya mafi tsada da ɗalibi zai yi daga Kano, kuma wadda ta fi buƙatar shiri, ita ce ta gandun namun daji na Yankari, a Jihar Bauchi. Hanyar ta bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, sannan Bauchi. In motar shata ce, Birnin Kudu ta cancanci a tsaya, don a duwatsunta, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu na mutanen da, da jan launi a jikin dutse, da kuma duwatsun da in an ƙwanƙwasa su suke amo kamar ƙarfe. Zanen ya dusashe, sai an nuna maka za ka gane shi. Akwai masu watsa masa ruwa ko su shafa da hannu don ya fito a hoto, wannan kuwa kashe shi ne a hankali. A jira hasken safe ko na yamma da ke zuwa ta gefe, a kashe fitilar waya.

Daga Bauchi ana ɗaukar hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya dama zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Ga inda mutane ke faɗawa matsala: ƙofa ba ita ce masauki ba. Daga nan zuwa sansanin Wikki akwai kimanin kilomita 40 a cikin daji, ba a shiga da ƙafa, kuma ba wata motar haya da ke jiran fasinja a wurin. Wanda ya zo da guntun mota zuwa guntun mota zai iya tsayawa a ƙofa yana kallon hanya. Abin da ke aiki shi ne a haɗu a yi karo-karo a ɗauki shatar bas mai cin mutum 18, ko ƙaramar mota daga Bauchi, a yi ciniki a fili cewa direba zai kwana ya dawo da ku, a kuma fayyace wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin shigar mota da abincin direba. Abin da ba a faɗa a tasha ba, a daji zai zama rigima. A cika tanki a Bauchi. A kira a tabbatar da ɗaki da farashinsa kafin a taso, a tambaya ko akwai rangwamen ɗalibai, a kuma tambayi awannin da ake ba da wuta don a san lokacin cajin waya.

Gandun yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Lokacin ganin namun daji shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Da damina dajin ya fi kyan gani, amma ciyawa ta fi mutum tsayi, dabba tana kusa da kai ba ka ganinta, wasu hanyoyin kuma ba sa biyuwa. Sai dai lokacin da ya fi kyau shi ne kuma lokacin zafi mai tsanani, don haka kowa ya tanadi aƙalla lita uku na ruwa a yini, da 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari na kemis. Ana fita zagaye da sassafe ko da yamma, tare da jagora. Gwanki, gwambaza, mazo, ɓauna da gadu ana yawan cin karo da su. Giwa kuwa sa'a ce, tana iya yin nisa kwana da kwanaki, zaki ma ya fi ta wuyar gani. Ba na rubuta “za ka ga giwaye”. Nakan rubuta abin da muka gani, a wane wata, da ƙarfe nawa. Kada a sa baƙaƙen kaya ko shuɗi mai duhu, tsando yana bin waɗannan launuka, cizonsa kuma yana ratsa riga mara kauri.

A cikin sansanin, masu mulki su ne bika, wato gwaggon biri. Sun san leda, sun san jakar abinci, sun iya tura ƙofar da ba a kulle ba da tagar da aka bari a sage. Za ka ga babba ya zauna a gefe kamar ba ruwansa, ashe hannunka yake kallo, kana juya kai ya fizge burodin ya haye rufi. Ba a ba su abinci, ba a bin su a ƙwato, don haƙoransu ba na wasa ba ne. Abinci ya zauna a ɗaki a kulle, ko a but ɗin mota. Ruwan Wikki yana ƙasa da sansanin, ana sauka ta matakala. Yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, zafinsa digiri 31 rani da damina, dare da rana, garau har kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Wannan garau ɗin ne ke ruɗin mutane, ya sa wuri mai zurfi ya yi kamar bai kai ƙugu ba. Ta wajen dutsen yana shanye mutum, wanda bai iya iyo ba ya tsaya ta ƙasa inda ruwan ya baje. In akwai ɗalibai mata a tafiyar, a tsara musu lokacin saukarsu daban, a kuma sa wannan a cikin bayanin da za a nuna wa iyaye tare da sunan malamin da zai raka, don yawanci a kan irin waɗannan ne izini ke tsayawa.

Bukukuwa ba na cika ba ɗalibi shawarar ya gina tafiyarsa a kansu. Kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ba kowace shekara ake yin sa ba, ya taɓa ɗaukar shekaru ba a yi ba. Hawan Sallah na Kano, da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, shi ma akwai shekarun da aka dakatar da shi. Sai an ji sanarwa daga masu abin, kuma a lokacin masauki yakan yi tsada.

Rubutun kansa a daren ranar nake fara shi, ko da a gajiye, saboda bayan kwana biyu ƙofofin gari sukan fara shiga juna a ka, ka rasa a wacce ka ga me. Da fensir nake rubutu a fili, don biro yakan tsiyaye a zafi, waya kuma takan yi zafi ta mutu daidai lokacin da ake bukatarta. Taswirar yankin a sauke ta a waya tun a gida inda akwai intanet. Sunan wuri a tambayi 'yan garin yadda suke faɗarsa, a rubuta da ƙugiyarsa, don allon kan hanya sau da yawa rubutun Turawa ne, in ka faɗa wa mai babur haka ba zai gane ba. In zan naɗi muryar wani sai na gaya masa, kuma ba na sa sunan mutum ko hoton fuskarsa sai ya yarda. “Wani dattijo a marina” ya wadatar. Nisa ina ba da shi da kilomita da kuma awannin da motar haya ta ci, tunda ramuka da shingaye ba sa fitowa a taswira. Nakan faɗi inda masallaci yake, inda ake samun abinci mai zafi, da ko akwai banɗaki, wanda shi ne abin da kowa ke son sani amma ba mai tambaya. Wurin da na tarar a lalace ko cike da shara, haka nake rubutawa. Wurin da ban kai ba saboda an ce hanyarsa ba lafiya, ba na ba da labarinsa daga hotunan wasu, sai in ce ban je ba, ga abin da direbobi suka ce a wata kaza. A saman kowane rubutu akwai ranar da na yi tafiyar, a ƙasa kuma nakan bar fili, duk wanda ya je bayana ya dawo ya gaya mini abin da ya canza, kuɗin shiga ne ko hanya ko mai riƙe da makulli, in gyara in sa sabuwar rana.